Jif ɗin Maman Nasara da Babbar Kula

Kowa a unguwar Magajiya ya san Hannatu, wadda muke kira Maman Nasara. Ita ce mai dafa abincin biki, kuma in ta ɗora dafa-duka har bakin titi sai an ji ƙamshi. Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, don haka ba jita-jita nake ba ku ba.

Yawancin aikinta a Abuja yake. Can kuwa masu gadin manyan unguwanni mota suke dubawa, ba mutum ba. Tsohuwar bas ɗin da take haya sai an tsare ta a ƙofa, a buɗe kowace kula, shinkafa tana hucewa. Wata amarya ta taɓa ce mata a gaban jama'a abincinta ya yi sanyi. Ranar ta dawo tana huci, ta rantse sai ta sayi jif, irin wadda ake sara wa.

Ba wasa take ba. Ta sayar da filinta na Lambata, ƙungiyar matan kasuwa ta yarda ta ranta mata cikon. Sharaɗi ɗaya suka kafa: motar ta yi aiki, ba ado ba. Ga kuma babban biki da ta karɓa, za a yi ranar Asabar.

Ranar zuwa wurin dila na bi ta, ni da mijinta Yohanna, wanda ya sha guga kamar ango. Sauran masu sayen mota da makanike suke zuwa. Ita kulolinta ta loda a keke napep, har da babbar da sai mutum biyu ke ɗagawa.

Dilan, Callistus, ya nuna mana baƙar jif 'yar Kwatano, tana ƙyalli. Wallahi ni kaina sai da ta burge ni. Kujerun fata jere uku, sanyi kamar cikin randa. Yohanna ya shige can baya ya miƙe ƙafa yana dariya shi kaɗai.

"Madam, taɓa ki ji," in ji Callistus. "Dis one na orijinal leda o!" Wai shi fatar ta asali ce.

"Buɗe mini but," ta ce.

Ƙananan kulolin suka shige. Babbar ta ƙi. Muka juya ta, muka kwantar, muka tura, ƙofa ta ƙi rufuwa. Na ga idon Hannatu ya ciko. In babbar kula ba ta shiga ba, ba biki, ba rance, ba mota.

Can sai ta leƙa ciki ta ce, "Baban Nasara, fito. Oga, kwance mini kujerun bayan nan."

Callistus ya dafe kai. "Haba Madam! Don su ake sayen motar!"

"Ni don shinkafa nake saye."

Aka kira yaran gareji suka kwance. Kula ta shige, ƙofa ta rufu ɗaf. Hannatu ta rangaɗa guɗa a tsakiyar filin motoci, ni ma na taya ta ba kunya, har masu wucewa suka tsaya kallo.

Yohanna ne kawai bai yi murna ba, ya tsaya yana shafa kujerun da aka ajiye a ƙasa. Da dila ya nemi a bar masa su, sai ya ce kan me, ai da su aka yi ciniki. Ya tare keke ya loda abinsa.

Suna falonsu yanzu, gaban talabijin, kuma ba mai zama a kai sai shi.