Tsaga Uku a Ƙotar Wuƙa

Ni na raɗa masa suna A-Rataye, kuma sunan ya bi shi har matarsa kan yi subul-da-baka ta kira shi da shi. Katanga ɗaya ta raba ɗakina da nasa, irin katangar da in ya yi atishawa ni ke ce masa sannu. Sana'arsa wasa wuƙa. Yana da wani tsohon keke da ya ɗaura wa dutse a gaba, ya kafe shi a ƙofar gida, ya hau yana taka feda tun safe har yamma bai je ko'ina ba. Nakan ce masa duk garin nan babu wanda ya kai shi tafiya, babu kuma wanda ya kai shi rashin isa. Sai ya ce, "Kai da kake isa, me ka taɓa kawowa?"

A shagon aski sunan ya samo asali. Da yamma mukan zauna a bencin mai aski muna jin labarai a rediyo. Da an ce an kama ɗan fashi ko an kashe wani, kafin mai karantawa ya haɗiye yawu mutumina ya ce, "A rataye shi." Wata rana aka ce an sace akuya, don tsokana na ce, "Wannan fa?" Ya ce, "Shi ma a fara auna wuyansa." Alhali mutumin nan ko kaza za a yanka a gidansa ni ake kira.

Yana da wata ɗabi'a a wajen aiki. An taɓa kawo masa wuƙar da wani ya wasa ya lalata, aka ce shi ne, ya ji zafin abin ƙwarai. Daga ranar duk ƙarfen da ya hau dutsensa, sai ya sa ɗan zarto ya yi wa ƙotar tsaga uku ƙanana. Wuƙar girki, almakashin tela, addar mai nama, duk layinmu babu gidan da babu tsagar nan. Yana alfahari da ita kamar wanda ya gina gada.

Tsallaken titi akwai mai shagon katifa, kuma ba sa ga-maciji. Shi yana cewa tartsatsin dutse zai ƙone masa kaya, mutumina yana cewa tartsatsin da zai tsallake titi ai sai dai ya hau mota. Wata rana cacar baki ta yi zafi, a gaban kowa mutumina ya ce masa, "Wata rana sai na yi maganinka." Mu da muka san shi dariya muka yi. A cikin satin aka buɗe shagon da safe aka tarar da mai katifa kwance cikin jini ba rai, ga wuƙa a gefensa, ƙotarta da tsaga uku.

Da 'yan sanda suka ajiye masa wuƙar a tebur suka ce ko ya san ta, ba sai mutumina ya duƙa ya ƙare wa bakinta kallo ba. Ya ce, "Sosai. Aikina ne. Ku dubi yadda bakin ya kwanta." Shi yana yabon wasa, su suna rubuta cewa ya amsa wuƙarsa ce. Daga baya ya yi ta bayani cewa rabin gari na da irinta, aka ce to ya kawo shaida.

A nan ne layinmu ya ba da kunya. Tun ranar da labari ya bazu cewa wuƙa mai tsaga ake nema, kowa ya shige ɗaki ya kankare tsagar tasa. Wasu suka jefa a kwata. Matarsa, wadda nake kira Yaya, ta bi gida gida tana roƙo. "Don Allah ku ara mini wuƙarku in kai kotu, a ga ba shi kaɗai ke da ita ba." Ana ba ta ruwa ta sha, ana ce mata ai tasu ta ɓata. Ni almakashin gyaran gashin baki kawai gare ni, na kai. Lauyan gwamnati ya ɗaga shi da yatsu biyu ya ce ba a kashe mutum da wannan, aka yi dariya. Wuƙaƙen da suka rage masu tsaga su ne na gidansa, su kuma sai suka ƙara ɗaure shi. Alƙali ya yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya.

Nakan raka Yaya ziyara gidan yari. Da na gan shi ta bayan waya ya rame, na ce, "Ka ga amfanin barin keke, ga ƙafafun sun huta." Ya yi ɗan murmushi. Ya ce abin da ke kashe su a ɗakin masu jiran kisa ba yunwa ba ce, ƙarar makullai ce da safe. In gandiroba ya taho, kowa ya yi tsit yana sauraron ƙofar da makullan za su tsaya. Kullum tambayarsa ɗaya: "Dutse bai yi tsatsa ba?"

Bai yi ba. Kowace safiya Yaya kan ɗiga wa sarƙar mai, ta murza feda da hannu. Ina jin ƙarar ta katanga. Nakan ce, "Yaya, an buɗe shago ke nan? In kawo almakashina?" Ta ce, "Kawo bakinka dai, shi ya fi buƙatar a rage masa kaifi." Cewa take in dutsen ya tsaya, kamar ta yarda ba zai dawo ba ne. 'Yarsu ta girma, ta yi aure, ta haihu, uban yana jiran wani babba ya sa hannu a takardar rataye shi, ko kada ya sa.

Bayan shekaru sun haura goma aka kama wani a wani laifin daban, ya lissafo waɗanda ya kashe har da mai katifa. Tsohon yaron shagonsa ne da ya kora, wuƙar kuwa ta gidan uwarsa ce. Kafin kotun ɗaukaka ƙara ta gama juya takardu, ciwon ƙirji ya ɗauke Yaya. Da aka sako mutumina, ƙofa ya tarar a kulle, keke a jingine an rufe shi da buhu.

Ya daɗe kafin ya dawo bencin mai aski. Ranar da ya zo, rediyo ya ce an kashe wani direba, wani saurayi da ake yi wa aski ya ce, "A rataye su kawai." Mai aski, wanda 'yan fashi suka kashe masa ƙane, ya ce, "Ni dai ban canza ba. Wanda ya kashe ƙanena, ka ce in ci gaba da ciyar da shi?" Mutumina ya ce, "Ban ce ba ka da gaskiya ba. Akwai wani da muka yi shekaru muna kwana ƙafa da ƙafa, kullum yana rantsuwa ba shi ba ne. Wata safiya makullai suka tsaya a kansa. Ban sani ba ko gaskiya yake faɗa. Su ma da suka ɗauke shi ba su sani ba. Ni an ce mini a yi haƙuri na ji da kunnena. Shi wa za a ce wa?" Mai aski ya ci gaba da askinsa, kuma har yau kowa na kan bakansa.

Mutumina ya buɗe keken daga baya, don ciki ba ya jira. Mutanen layi suka fara fitowa da wuƙaƙensu, kowa na sunkuyar da kai. Ina zaune ina kallo. Duk wadda ya karɓa sai ya shafa babban yatsa a ƙotar, daidai inda aka kankare, ya ɗan tsaya, sannan ya taka feda. Bai taɓa ce wa kowa uffan ba. Da ma zagi ya yi, da ya fi musu sauƙi.

Na miƙa masa sabon almakashi na ce, "A-Rataye, a yi mini tsagata uku, kada a ce wani ne ya wasa." Ya wasa shi tas, ya gwada a farcensa, ya miƙo mini ƙotar sumul. Ya ce, "Zarton yana cikin kayan Yayarka. Ban buɗe ba."