Gurbin da Ishaya Ya Hana a Goge

Ina kan hanyar dawowa daga Kachia aka bugo mini: abokin aikina Ishaya ya rasu, ya yanke jiki ya faɗi a gonarsa ta citta a Nok. Ban kai Kafanchan ba sai ga kiran shugaban asibitin da muke wa aiki. Ya yi ta'aziyya a gurguje, sannan ya ce, "Madam Rifkatu, gyaran nan da marigayi ya riƙe, ai yanzu sai ki sake shi."

Ko kabari ba a haƙa ba.

Ni da Ishaya muke kula da rumbun bayanan majiyyata. Akwai manhaja tsakanin shirinmu na kwamfuta da rumbun. In mun sauya tsari a shirin, ita ke rubuta umarnin da zai sauya rumbun. Ishaya bai taɓa sakin umarni bai karanta shi layi-layi ba, kuma kowane gyara sai ya tanadar masa yadda za a warware shi. Yakan ce, "Na'ura ba ta san sauya suna ba. Kashewa ta sani, ta haifi sabo."

Haka kuwa aka yi. Shugaba ya so a sauya sunan gurbin da muke rubuta magungunan da jikin majiyyaci ba ya ɗauka, don rahoto ya yi kyau a idon baƙin da ke tafe duba asibitin. Umarnin da manhajar ta fitar shi ne a goge tsohon gurbi, a buɗe sabo fanko. Da an bi shi, nas za ta duba ta ga babu komai, ta yi wa mutum allurar da za ta kashe shi. Ishaya ya ƙi. Aka kira shi mai taurin kai a gaban ma'aikata. Ya gyara tabarau ya ce, "Ranka ya daɗe, ba na shiga hanyar da ban san ta dawowa ba."

Ya fara rubuta umarnin da hannunsa, yana gwadawa a kan kwafin rumbun. Bai ƙarasa ba.

Ranar da ya kira ni a hanya, na amsa wa shugaba: "A binne shi tukuna. Ni zan ƙarasa, yadda yake yi. Baƙi su zo su ga tsohon suna, ba zai cije su ba." Har yau yana kira, har yau gurbin na nan.

Ubangiji ya ji ƙan bawansa Ishaya, ya ba shi hutu. Ya ta'azantar da matarsa Hannatu, ya raya 'ya'yan da ya bari. Amin.