Sai Ƙafa Ta Taɓa Ƙasa

Duk wanda ya saba zuwa hawan dutse a Mae On ya san Nenita Abellanosa, ko da cikakken sunan ya fi ƙarfin bakinsa. Yaya Nita ake ce mata. Gajeriya ce, rana ta ƙona ta, tafin hannunta ya yi kanta kamar na mai daka. In tana tsaye a gindin dutse riƙe da igiyar wani, ko sunanta ka kira ba za ta waiwayo ba, idonta na sama. Wuyanta har ya ɗan sandare saboda haka. In za ta dube ka, da kafaɗunta duka take juyowa.

Ba 'yar ƙasar Thailand ba ce. A wani ƙauye na tsibirin Cebu aka haife ta. Ubanta mai hawan kwakwa ne, kuma tun tana ƙarama ita ke tsayawa a gindin bishiya tana karɓar gorar bammin da yake zuro mata da igiya. Da ta girma ta koyi hawan farin dutsen da ke bayan ƙauyensu wajen samarin birni. Ta yi karatun koyarwa, ta shiga aji na zango ɗaya, ta fito tana rantsuwa ba za ta sake komawa ba. Ana nan sai aka sanar a majami'arsu cewa wata ƙungiyar masu bishara na neman 'yan sa-kai da suka iya hawa, su je su zauna cikin masu hawan dutse a arewacin Thailand. Nita ta ɗaga hannu. Wata shida aka ce. Uwarta ta cusa mata busasshen kifi a jaka, ta ce zai kai ta har ta dawo. Kifin ya ƙare tun a satin farko, ita kuwa ta shekara tara.

Ƙungiyar na da gida a Chiang Mai, da igiyoyi da takalman hawa na aro. Kowace Asabar suna kai duk mai so ya gwada hawa kyauta. Su ne kuma ke sabunta wa Nita takardar izinin zama duk shekara. In ba su sa hannu ba, ba ta da zama a ƙasar.

Ba ta taɓa ɓoye abin da ya kawo ta ba. Ran Lahadi da safe takan zauna a rumfar gora da ke bakin hanyar dutsen, ta yi addu'a, ta yi waƙa, ta faɗi abin da ta yi imani da shi ga duk wanda ya zauna. Wani lokaci mutane su ɗan taru, wani lokaci daga ita sai karnuka. Gwaggo Buakham, mai sayar da kwaɗon gwanda da shinkafa mai danƙo a rumfar, takan ci gaba da dakanta, turmi na bin waƙar.

"'Yar nan," takan ce in an gama, "Ubangijin naki aiko ki ya yi ki cinye min gwanda?"

"Cewa ya yi in zo in duba ko kina zuba barkono da gaskiya, Gwaggo."

"To gaya masa ya aiko mai ƙiba. Ke ramammiya, kiwonki ya cika tsada."

Sai kuma Kawu Inta, direban jar akori-kura da ke kwaso masu hawa daga birni. Ƙaton mutum ne mai tumbi, wuyansa cike da layu. Shekara da shekaru yana kawo mutane gindin dutsen bai taɓa ɗora ƙafa a kai ba. In Nita ta miƙa masa ɗamarar hawa, sai ya ja da baya kamar ta miƙa masa maciji.

"Ku hau ku sauko hannu wofi, me kuka je ɗaukowa? Amma ki ji, 'yata, ran da na haukace na hau, ke za ki riƙe ni. Ban yarda da Turawan nan masu gashi kamar tsintsiya ba."

A shekara ta taran aka turo musu sabon shugaba daga Singapore, Fasto Gideon Teo. Ba mugun mutum ba ne. Ran da ya fara zuwa rumfa ya cinye kwaɗon Gwaggo har hawaye na zuba masa, don kada ta ji ba daɗi. Amma mai gaggawa ne, kuma da ya dubi shekarun da ƙungiyar ta kwashe a wurin, ya dubi tsirarun da suka karɓi bishara, sai abin ya tsaya masa a rai. Ya zo da dabara.

Ga wanda bai saba ba, ba hawan ne abin tsoro ba, saukowar ce. In ka kai zobban ƙarfe da ke can sama, dole ka saki dutsen da hannu biyu, ka jingina baya a sarari, ka bar nauyinka duka a kan igiya. A nan ƙattai suke kuka. Fasto Gideon ya ce a daidai wannan lokaci zuciya take buɗewa. Saboda haka mai riƙon igiya ya ɗan dakata kafin ya sauke mutum, ya ɗaga murya ya gaya masa cewa yadda ya dogara ga igiyar nan, haka ake dogara ga Yesu, sannan ya tambaye shi ko ya yarda. Darasin igiya ya kira abin. Sababbin 'yan sa-kai suka ji ya yi musu kyau ƙwarai.

Nita ta ce a'a tun a zaman farko. Masu hawan dutse suna da ka'idarsu da ba a rubuta ba: in na sama ya ce a sauke shi, to magana ta ƙare, igiya ta fara tafiya. Ba a tambayarsa dalili, ba a jan sa da hira, ko wasa ba a yi da shi. Shi ya sa baƙo zai iya miƙa ransa ga baƙon da bai san sunansa ba.

"'Yar'uwa Nita, minti ɗaya ne fa," in ji Fasto. "Ba wanda zai faɗo."

"Na san ba zai faɗo ba, Fasto. Shi ne bai sani ba."

"Ai shi ne amfanin darasin."

"Ni a ƙasa nake wa'azi. Duk mai so ya zo rumfa, in ya gaji ya tashi ya tafi. Wanda ke rataye a igiyata ina zai tashi ya tafi?"

Fasto ya tuna mata a hankali cewa takardarta za ta ƙare kafin bikin watsa ruwa na sabuwar shekarar ƙasar, kuma ƙungiya ba ta iya riƙe wanda ba ya bin tsarinta. Ya ce ta je ta yi addu'a a kai. Ta je ta yi. Ta tashi da amsar da ta durƙusa da ita.

Gwaggo Buakham ce ta jawo abin da ya biyo baya, ba da niyya ba. Wata ranar Talata da babu ciniki ta ɗaure zanenta, ta sa Nita ta riƙe ta, ta hau hanya mafi sauƙi har sama. Ran Asabar kuwa ta jira sai da rumfa ta cika, sannan ta dubi Kawu Inta.

"Inta, na je can sama na leƙo. Ka san me na gani? Rufin motarka duk tsatsa. Ba sai ka wahala ba, tsohuwa ta gano maka."

Rumfa ta kwashe da dariya. Kawu Inta ya ajiye kwanon shinkafarsa, ya miƙe.

"'Yata, kawo wandon igiyar nan naku."

Da ƙyar ɗamarar ta zagaye shi. Nita ta ɗaure masa ƙulli, ta duba, ta sake dubawa, ta shafa masa alli a hannu. Ya kama dutse ya fara hawa yana zagin Gwaggo, yana zagin wanda ya halicci tumbi, layunsa na karo da dutsen. Sau biyu ya tsaya ya ce ya mutu. Nita ta ce masa akwai matakin ƙafa a hagu, kusa da gwiwarsa. Ya ci gaba. Da ya kai zobban, sai ya yi kuskuren duban ƙasa. Ƙafarsa ta kama rawa kamar ta tela a kan keke.

"'Yata! Sauke ni! Sauke ni, don girman iyayenki!"

"Na riƙe ka, Kawu. Saki dutsen, ka zauna kamar a kujerar motarka."

"Kujerar motata tana da ƙasa!"

"Zauna dai."

Ya saki hannu ɗaya, ya saki ɗayan. Nauyinsa ya sauko mata a ƙugu har ta ɗan ɗagu a kan yatsun ƙafa. A lokacin ne ta ji Fasto Gideon a gefenta.

"Yanzu ne, 'yar'uwa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Shekara tara kina yi wa mutumin nan addu'a. Ba za ki sake samun irin wannan ba."

Gaskiya ya faɗa, tana yi masa addu'a, kuma tana so ya yarda fiye da yadda take son kowa a wurin ya yarda. Ta kuma san abin da ke rataye da amsarta. Ta fara sassauta igiya. Sai Fasto ya miƙa hannu ya riƙe igiyar a ƙasan hannunta. Igiya ta tsaya. Kawu Inta ya yi ƙara daga sama.

"Fasto, ɗauke hannunka daga igiyata!"

Ba a ɗaga wa babba murya a bainar jama'a a ƙasar nan, balle shugaba. Turmin Gwaggo ya tsaya. Masu hawa a hanyoyin da ke kusa duk suka juyo. Fasto ya janye hannunsa kamar ya taɓa wuta. Nita ta ci gaba da zura igiya sannu a hankali, idonta na sama, har tafin ƙafar Kawu Inta ya taɓa ƙasa. Ya zube a kan duwawu yana haki, ya kama layunsa yana sumbata ɗaya bayan ɗaya.

"Me ya tsayar da ni a tsakiya?" ya tambaya da numfashinsa ya dawo.

"So ake in yi maka wa'azi kana sama, Kawu. In tambaye ka ko ka yarda da Yesu."

Kawu Inta ya dube ta, ya dubi Fasto, sannan ya fashe da dariya har tumbinsa na rawa.

"Ai da kin tambaya! Da na yarda. Da kin ce in bi akuyar Buakham ma, da na bi ta har gida."

Ba wanda ya taya shi dariyar sai Gwaggo.

Bayan kwana biyu aka kira Nita gidan ƙungiya. Fasto ya ce abu biyu yake so: ta nemi gafara a gaban 'yan'uwa, ta kuma karɓi darasin igiya kamar kowa. In ta yi haka zai sa hannu a takardarta a ranar. Ta miƙe a gaban kowa ta ce ta ɗaga wa shugabanta murya, ba daidai ba ne, tana neman gafara. Fasto ya gyaɗa kai, ya jira sauran.

"Shi ke nan," in ji ta. "Na igiya kam babu. Ko gobe wani ya taɓa min igiya da mutum a sama, zai ji muryar nan."

Ba a sa hannu ba. Ta mayar da igiyoyi da takalma da makullin ɗakinta, ta fito da jaka ɗaya da tsohuwar ɗamararta. Majami'arsu ta Cebu ta daina ambaton sunanta cikin masu bishara da ake yi wa addu'a. Uwarta ta bugo waya tana kuka, tana tambayar wane zunubi ta aikata. Nita ta ce mata wani ta sauke daga dutse.

Hanya ɗaya ta rage mata ta zama, kuma ita ce wadda ta guda tun daga gida. Wata 'yar'uwar matar Kawu Inta na shugabancin makarantar firamare a wani ƙauye, suna neman mai koyar da Turanci. Nita ta tono tsohuwar shaidar koyarwarta, ta hau mota ta tsallaka iyaka zuwa Laos, ta dawo da sabuwar takarda. Yanzu daga Litinin zuwa Juma'a tana cikin aji, yara na tsalle a kan benci, muryarta a dishe. Har yau ba ta son aikin, kuma ba ta ɓoyewa. Dutsen da take gani kullum ya koma na ƙarshen mako.

Ran Lahadi tana nan a rumfa da waƙarta. Kawu Inta bai sake hawa ba, bai kuma cire layunsa ba. Wani lokaci yakan zauna a gefen benci da kwanonsa, yana gyara mata lafazi in ta karya harshensu, in ya gaji ya tashi ya tafi motarsa ya kwanta. Ba ta taɓa kiransa ya dawo ba.

Ƙungiyar na ci gaba da zuwa ran Asabar, suna gaisawa da ita. A wata Asabar ta sanyin bana, Nita na riƙe da igiyar wani Bajamushe, sai ta ji wata sabuwar 'yar sa-kai a hanyar da ke kusa ta ɗaga murya tana maganar dogara ga igiya. Can sama wata mata na rataye tana cewa a sauke ta.

Nita ba ta ɗauke ido daga Bajamushen ba.

"Ƙanwata," ta ce, "ta ce ki sauke ta."

Yarinyar ta katse wa'azin. Ta dubi Nita, ta waiga inda Fasto yake tsaye. Sai igiya ta fara tafiya.