Ranar da Kwalbar Turawa Ta Sa Kawu Mani Hawaye

Tashi daga Bakura

Tun kafin kiran assalatu Kawu Mani ya buga mini ƙofa, ya sha babbar riga, kwalbar yajinsa a aljihu. Duk Bakura an san babu barkonon da ya taɓa sa Kawu hawaye, kuma da wannan suna yake zama tsakiyar tabarma a majalisar mai tsire. Abokin adawarsa Ɗan'ige ne ya tono maganar, ya ce turawan da ke gina dam a Bakolori suna da yajin da ko jaki ya lasa sai ya yi kuka. Kawu ya ce zai je ya ci, in ya yi hawaye ya bar masa tsakiyar tabarma. Ni aka naɗa shaida, wai don ban iya ƙarya ba. Wannan yabo bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Muka hau akori-kura tare da buhunan albasa da wata akuya da ta ɗauki hulata abinci.

Talata Mafara

Da hantsi muka sauka tasha. Kawu ya sayi ƙosai ya turbuɗe shi da yajinsa, wai yana wasa baki. Ni kuwa da yatsa biyu nake ɗibar yaji, shi ma sai da ruwa kusa. Wani direban tifa ya yarda ya rage mana hanya.

"Ku hau baya, Baba," in ji shi. "In munka kai ƙohwa ku ce wurin kuku kunka zo."

Maigadin ƙofar sansanin masu aikin dam ya laluba aljihun Kawu, ya buɗe kwalbar ya shinshina. Yana ta atishawa ya ɗaga mana hannu muka wuce. Kawu ya ƙara faɗi a cikin rigarsa.

Bakolori

Garba Kuku abokina ne tun ƙuruciya, shi ke dafa wa ma'aikata abinci. Ya zaunar da mu bayan kicin, ya kawo wani dogon burodi da aka tsaga, an kwantar da nama mai kama da yatsan ƙato a ciki. Ya ce sunansa hotdok, kuma a tsaye ake cinsa, da sauri.

"Naman mi na wanga?" in ji Kawu.

"Saniya ta, Kawu. Gaban idona mahauci ya yanka ta."

Sai ya ajiye kwalba biyu, ɗaya ja wur, ɗaya ruwan ɗorawa. Mu a wurinmu ja shi ne wuta, kowa ya sani. Kawu ya yi bisimilla, ya malala jan nan har burodin ya ɓace, ya gatsa. Na zuba masa ido. Ya tauna, ya tauna, ya dube ni.

"Tumatur na da sikari! Don wanga Ɗan'ige yas sa ni baro gida?"

Ni dai ya yi mini daɗi, har na nemi ƙari. Kawu ya jawo ɗayar kwalbar yana dariya, ya ce bari ya wanke baki da kunun yara. Garba ya ce a taɓa kaɗan. Kawu ya cika cokali ya kai baki.

Ashe shi wannan ba harshe yake kamawa ba, hanci yake bi ya hau ƙwaƙwalwa. Kawu ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Hawaye shaaa har gemu. Wallahi na tausaya masa, amma sai da dariya ta kayar da ni daga benci.

Maradun

A gidan gwaggon Garba muka kwana. Ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka, Kawu ko kallon kwalbarsa bai yi ba. Da safe a bakin hanya ya matso kusa da ni.

"Ɗana, ba ka cewa hayaƙin kicin na yash shiga min ido?"

"Kawu, da bakinka kac ce ban iya ƙarya ba."

Ya tsuke fuska, muka kama hanyar Mafara. Sai dai na lura yana ta dafa aljihunsa na hagu, inda Garba ya saka masa wani gwangwanin madara da aka ɗaure bakinsa da tsumma.

Gida

Bayan la'asar muka iso, majalisa ta cika maƙil. Ɗan'ige har ya fara matsowa tsakiya.

"Shaida, hwaɗi gaskiya. Ya yi ko bai yi ba?"

Kafin in buɗe baki Kawu ya kwance gwangwanin. Ya ce ba a dawowa daga tafiya hannu sake, ga tsarabar turawa, kowa ya dangwala da tsirensa. Ɗan'ige ya leƙa, ya ga abu ruwan ɗorawa, ya yi tsaki, ya lakato da yawa don a gani. Sauran suka bi.

Ban taɓa ganin dattawa sun yi kuka tare haka ba. Mai tsire ya saki wuƙa yana kiran sunan uwarsa. Na jira har aka ɗan lafa, sannan na sauke nauyin da aka ɗora mini.

"Ya yi hawaye," na ce.

Ɗan'ige ya buɗe baki zai yi magana, atishawa ta riga shi. Kawu ya gyara zama a tsakiyar tabarma, ya miƙa masa gefen rigarsa ya share ido.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Garba da gwaggonsa da direban tifa. Akuyar nan kuwa, ni da ita sai a lahira.