Haƙorin Ƙanwata a Akwatialine

Ƙanwata ta gaji ƙullutai daga mahaifiyarmu, irin tsiron nan mai laushi da ke fitowa a wuya da baya ba ya ciwo. Nata har cikin baki ya shiga. A ƙarshen 1969 dasashinta na ƙasa ya kumbura ya rufe rabin haƙorinta na turmi, haƙorin ya ruɓe, ta daina cin waken da take dafawa ta sayar.

Lokacin muna zaune a unguwar Akwatialine, gwamnati na korar baƙi daga ƙasar, mu kuma iyayenmu daga Nijar suka zo, ba mu da takardar zama. Ta roƙe ni in kai ta asibiti. Na ce a ƙofar asibiti ake kama mutane, abin da na ji ke nan a wurin da muke ɗaurin goro. Na kira wanzamin layinmu.

Tsohon ya sa yatsa ya latsa kumburin, ya ce wannan nama ne, babu mugunya a ciki, shi ba ya so ya taɓa. Na ce masa tsufa ne ya sa shi tsoro. Ya dube ni, ya ciro awartaki.

Ta yunƙura za ta gudu, na kwaɗa mata mari, na kayar da ita a kan tabarma. Na danne ƙirjinta da gwiwa, na cusa mata muciya tsakanin haƙora.

"Yaya, za ka kashe ni," ta faɗa kafin muciyar ta shiga.

Wanzami ya murɗa, muka ji ƙas, ashe ƙashin muƙamuƙin ne ya tsage, tsiron ya riga ya cinye shi. Jini ya yi tsartuwa har fuskata. Muka cusa auduga, muka zuba toka, ya ƙi tsayawa. Tana shaƙewa tana shure-shure, idonta ya juye.

Matan gida ne suka ture ni, suka ɗora ta a kan kurar dako. Muka tura da gudu zuwa asibitin da na hana ta zuwa. Ba wanda ya tambaye mu takarda. Aka ɗinke, aka ɗaure muƙamuƙin da waya.

Ta rayu, amma leɓenta na ƙasa ya mutu, ba ta jin zafi ko sanyi a wurin. Da aka sallame ta, gidan ƙanwar mahaifiyarmu a unguwar Buokrom ta wuce. Na kai mata koko, ta sa aka karɓa a ƙofa, ba ta bari na shiga ba.