Gayyar da Ta Ceci Kurmin Bakin Amba

Shekarun baya, lokacin Lafiya tana ƙarƙashin Filato, ni kuma ina sabon malamin firamare, akwai wani kurmi a bakin kogin Amba da kusan duk 'yan unguwarmu a cikinsa muka yi wayo. Birai ke mulki a saman maɗatai, guza na shan hantsi a kan duwatsu, balbelu kuwa in sun sauka sai ka ce an baza wanki. Tsohuwar hanyar masu dakon doya ta cikinsa ta ratsa, amma tun da aka yi titi ciyawa ta cinye ta.

Kwatsam sai labari ya zo cewa wani ɗan kwangila zai share wurin ya yi tashar manyan motoci. Wai daji ne kawai, babu hanya, ba mai shiga sai macizai. Ranar Asabar zai zo ya duba, katafila ta biyo baya.

Mahaifiyata ta kasa cin abinci. A kurmin nan uwarta ta koya mata wanki da sassaƙen magani. Ni kuwa ban da huci da zagaye tsakar gida ba abin da na tsinana. Abokina, wani ɗan ƙabilar Tibi manomin doya, shi ya kawo dabara.

"Malam, ba ya ce babu hanya ba? To mu kira gayya, mu buɗe hanyan. Mama ya dama kunu, ni zan kawo mutanen coci namu."

Asabar da sassafe kurmi ya cika. Gwandarawa daga wajen Adogi suka zo da gangunansu, Tibi da manyan garemani, mata da tukwanen kunu. Ni ma na ɗauki adda ina ta cika baki, har wani guza ya fito ta tsakanin ƙafafuna. Gudun da na yi ranar, har yau in an taru sai an tayar da zancensa.

Kafin rana ta take, hanya ta fito fes har bakin ruwa. Sai ga ɗan kwangila da mutanensa, yana sanye da babbar riga, fuska a murtuke. Mahaifiyata ta tare shi a gindin wata ɗorawa, ta russuna ta miƙa masa ƙwarya.

"Sannu da zuwa, Alhaji. A jiƙa maƙoshi."

Ya shanye tas. To a al'adar gayyarmu, duk wanda ya sha kunun gayya sai ya taɓa aiki, ko da shi wane ne. Makaɗa suka juya kiɗa suka koma kansa, wani dattijo ya ɗora masa fartanya a hannu. Ba yadda ya iya. Ya yi dariyar yaƙe, ya naɗe riga.

"Nan gabanka ma ya isa, Alhaji," in ji mahaifiyata.

Yana kai sara fartanya ta yi ƙara a kan wani abu mai tauri. Ya ƙara, ya yaye ƙasa, sai ga bakin rami zagayayye, daɓaɓɓe, ƙasar cikinsa baƙa mai shuɗi-shuɗi. Ya tsuguna ya damƙo ta yana murzawa. Kiɗa ya tsaya.

"Wannan ai karofi ne," ya ce a hankali. "Kakana marini ne. Ana ce mini a bakin kogi yake rini, ban taɓa sanin wurin ba."

"Suna nan da yawa, duk a ƙarƙashin ƙafarka," in ji mahaifiyata.

Ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe, sai ya dubi mutanensa ya ce katafila ba za ta hau kan marinar kakansa ba, a nemi wani fili. Guɗa ta tashi, birai suka watse, abokina ya ɗaga ni sama kamar buhun gero. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Har yau in na bi hanyar nan na ji kukan hasbiya, sai ranar nan ta faɗo mini. Na gane mutum bai cika rusa abin da ya ga nasa a ciki ba.

Da yamma na tambayi mahaifiyata yadda aka yi fartanya ta faɗa daidai wurin. Ta ci gaba da wanke ƙwaryarta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na san kakansa," ta ce. "Har ya rasu shuni bai fita daga faratansa ba."