Robon da Ya Durƙusa

Ƴan mata, yau gwiwoyina sun tona mini asiri!

Ina isa gidan matasa na Magariya, inda ake taron masu son finafinan sararin samaniya, na hango grup na wuta, wato janareta, a bakin ƙofa. Na shagon Babanmu ne, har da jan tsumman da yake ɗaure murfinsa! Ni da na ce a gida lakwal, wato makaranta, zan je bita.

Nan da nan na zura kayan robon da na haɗa da kwali. Fuskata a rufe ruf.

Muna layin gasar wanda ya fi iya shiga sai wuta ta ɗauke. Sai ga Baba ya nufo ni, yana bin wayar wuta!

"Kai, ɗan ƙarfe, ɗaga ƙafarka."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. "Ina wuni, Baba."

Wani ya ce, "Robon nan akwai tarbiyya!"

Baba bai yi dariya ba. "Mariyama, nan ne lakwal ɗin? Ki same ni a gida."

Da gudu na faɗa gidan ƙanwarsa. "Gwaggo, don Allah ki raka ni, ke ki fara shiga."